Fatsar giwan ruwa a rafi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu sha'awar fatsa, musamman matasan ƙauyukan da ke bakin kogin Haɗejia da rassansa, tun daga Wudil har Ringim, Miga, Auyo da Kirikasamma. Wasu a bakin ruwa ake yin su, wasu a majalisa bayan isha'i. Sana'ar su da taru ko kalli tana da masu ita, ba ita ake nufi a nan ba. Maganar mutum ɗaya ce da zarensa da ƙugiyarsa a rafin garinsu, yana neman kifin da ke cin kifi.

Kifin nan da ake gani a bidiyon Amurka ana kamawa da kifin roba, akwai shi a ruwanmu?

Babu shi. Wanda suke kira bass ɗan Arewacin Amurka ne. An kai irinsa Japan da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da tafkin Naibasha na Kenya, amma ba ya cikin kifayen kogin Haɗejia. Kuma ba wani ƙato ba ne: wanda aka daɗe ana kafa tarihi da shi, da aka kama a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 ne da ɗan ɗoriya.

Namu da ya yi kama da shi a hali shi ne giwan ruwa. Baki gare shi wangameme, yana laɓewa ya yi kwanton ɓauna, ya zuƙe ƙaramin kifi gaba ɗaya. A manyan ruwaye yana iya kai wa kusan mita 2 da kilo 200, kuma wanda ya ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ne. Saboda haka dabarun da ake gani a bidiyon suna aiki a kansa, sai dai siraran kayan nan nasu ba za su riƙe shi ba. Duba amsar da ke magana kan kayan aiki.

Giwan ruwa yana shiga ƙaramin rafi kuwa?

Yana shiga, amma da sharaɗi. Sai rafin da bakinsa ke haɗe da kogi ko dam, ko da na 'yan watanni ne a shekara, kuma yana da gurbi mai zurfi da ruwa ke motsi a cikinsa. Dalili shi ne numfashi. Tarwaɗa da gaiwa da bargi suna iya ɗagowa su shaƙi iskar sama, shi ya sa suke rayuwa a kududdufin da ya ɗauki zafi ya yi kore. Giwan ruwa ba shi da wannan baiwar, iskar da ke narke a cikin ruwa kaɗai yake dogaro da ita, ruwa kuwa in ya yi zafi ya tsaya cik, iskarsa raguwa take yi. Rafin da ya yanke da kogi tun watan Janairu, kada ka ɓata lokacinka neman giwan ruwa a ciki cikin Afrilu. Nemi tarwaɗa.

Kuma a rage buri. Manya suna zurfin dam ɗin Tiga da manyan gurabun kogi. Na rafi matasa ne, daga rabin kilo zuwa 'yan kilo kaɗan. Suna ƙanana jikinsu na da dabbare-dabbare mai duhu da ke ɓoye su a cikin ciyawa, in sun girma su koma fari-fari kamar azurfa. Masu fatsa da yawa sukan kama ɗan ƙarami su kasa gane shi saboda wannan zanen. Dubi idon, mai rawaya-rawaya da ƙyalli, da leɓen ƙasa da ya ɗara na sama.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Janyewar ruwa, wato daga Oktoba zuwa farkon Disamba. Ga yadda abin yake. Da damina, idan kogi ya cika a Agusta da Satumba ya malala fadama, kifaye kan bi shi su bazu cikin ciyawa da gonakin shinkafa su yi ƙwai, 'ya'yan su samu abinci da mafaka. A wannan lokacin ruwa ya yi yawa, ya yi ja, kifi ya warwatse. Giwan ruwa da tsage da ido suke farauta, in ruwa ya gurɓace da laka ba sa ganin kotonka sai ya zo dab da hancinsu. Tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa, masu lalube da gashin baki, su ke cin kasuwarsu a jan ruwa.

Da kaka ta kama, ruwa ya soma komawa, duk ƙananan kifin nan dole su fito daga fadama su bi ta rafi su koma kogi. Hanya ɗaya ce, kuma masu cin su sun san ta. Ruwa ya soma washewa, abinci na zuwa da kansa. A ganina mako ɗaya na wannan lokacin ya fi wata guda na bazara.

Da hunturu ya kankama ruwa kan yi sanyi, kifi ya yi nauyin jiki, ya koma ƙasa, cin koto ya ragu. Da bazara kuma sai gurabun da suka rage, galibi kuma ruwan da aka tsare ne, kamar yadda za a yi bayani a gaba, a amsar neman izini.

Da safe ko da yamma?

Daga an idar da sallar asuba zuwa hantsi, sannan daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Idon giwan ruwa na gani sosai a cikin duhu-duhu, a lokacin da ƙananan kifi ba sa gani da kyau. Da hunturu kam a juya lissafin: bari rana ta ɗumama ruwa, ka fita da hantsi har azahar.

In na isa rafi, ina zan jefa?

Kada ka jefa tukuna. Tsaya nesa kaɗan da gaɓa, ka kalli ruwa na ɗan lokaci. Abin da kake nema ƙananan kifi ne, don inda suke nan mai cin su yake. In ka ga kawara sun watse fal-fal a saman ruwa, suna tsalle kowacce ta kama gabanta, wani abu ne ya kawo musu hari daga ƙasa. In ka ga balbela ko zalɓe sun yi layi a wuri ɗaya, su ma sun yi maka rabin aikin.

Sai wuraren da ba sa ƙarya. Na farko bakin rafi, inda yake zuba cikin kogi, musamman layin nan da ruwa biyu suka haɗu, ɗaya ja ɗaya garai-garai. Sai kwana: duk inda rafi ya karya, gefen waje ruwa ke ci, can ne zurfi, gefen ciki kuma yashi ne. Sai itacen da ya faɗa ruwa, da saiwoyin da ruwa ya wanke wa ƙasa, da ƙarƙashin gada ko kwalbati, ta ɓangaren da ruwa ke fita ya haƙa rami. Sai bakin kacala, daidai inda ciyawa ta ƙare buɗaɗɗen ruwa ya fara. Giwan ruwa ba ya son kokawa da igiyar ruwa. Yakan tsaya a bayan wani abu da ya tare masa ita, kansa na fuskantar inda ruwa ke tahowa, yana jiran abin da za a kawo masa. Don haka ka jefa sama da wurin kaɗan, ruwa ya gangaro da koton gabansa. Jefawa a tsakar kansa korar sa ne.

Abu biyu ke lalata wa sababbi wuri kafin su fara: taku da inuwa. Kifi na jin girgizar ƙasa ta wani layi da ke gefen jikinsa, a rafi kuma komai kusa yake. Taka a hankali, kada inuwarka ta faɗa kan gurbin, ka bar farar riga a gida.

Wane kaya nake bukata, kuma dole sai sanda mai injin naɗe zare?

Ba dole ba ne. Rafi bai da faɗin da zai sa ka nemi jifa mai nisa. Sandar gora doguwa mai ƙwari ta isa, ko zaren hannu da aka naɗe a jikin gwangwani ko robar lemo. Mai hali ya sayi mai inji, tana da amfani wajen sakar wa babban kifi zare, kuma sai da ita ake jin daɗin kifin roba.

Zare kala biyu za ka riƙe. Siriri, kamar milimita 0.20, da 'yar ƙaramar ƙugiya, na kama koto. Sai mai kauri, daga 0.45 zuwa 0.60, na giwan ruwa. A lambar ƙugiya da aka saba sayarwa, in lamba ta yi sama ƙugiya ƙanƙancewa take yi, amma kamfani da kamfani sun bambanta, don haka auna da hannu: ta giwan ruwa ita ce wadda babban yatsanka zai shiga tsakanin tsininta da jikinta. Ja tsinin a kan farce, in ya zame bai karce ba, a wasa ta. Sai 'yar dalma, da abin da zai yi yawo a sama ya nuna maka an taɓa, guntun tsohon silifa ma ya wadatar. Duk ana samun su wajen masu kayan su a kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Haɗejia ranar Lahadi. Kowane ƙulli ka yi, jiƙa shi da yawu kafin ka tsuke, busasshen zaren leda yana ƙonewa ya yi rauni a daidai wurin.

Wane koto giwan ruwa ya fi ci?

Kifi mai rai. Tana da fara da shinge da hanjin kaza duk koto ne masu kyau, amma na karfasa da tarwaɗa da ƙurungu ne. Ɗan ƙaramin giwan ruwa kan ɗauki tana wani lokaci, wanda ya tasa kuwa motsi yake bi. Saboda haka fatsar kashi biyu ce: ka fara kama 'yan karfasa ko kawara masu tsawon yatsa zuwa faɗin tafin hannu da tana, ka zuba su a bokiti, ka ajiye a inuwa kana sauya musu ruwa. Kawara ta fi ƙyalli da jan ido, amma ba ta da juriya. Karfasa ta fi daɗewa da rai a ƙugiya.

Sa ƙugiyar shi ne inda ake yin kuskure. Jiƙa hannunka, ka riƙe 'yar karfasar a tafin hagu, kanta na wajen ɗan yatsanka. Daidai ƙarƙashin ƙayar bayanta akwai tudun nama, nan za ka soka ƙugiya ta fito ɗaya gefen, sama da ƙashin baya. In ka taɓa ƙashin za ta sandare, ta juya ciki sama, aikin ya ɓaci. Sau da yawa ɓawo ɗaya kan maƙale a tsinin ƙugiya, cire shi da farce, don ɗan ɓawon nan ya isa ya hana ƙugiya shiga bakin kifi. In ruwa na gudu sosai, soka ta leɓen sama maimakon baya, don ta fuskanci ruwa kamar yadda ta saba. Sannan a ajiye ta a ruwa a hankali, kada a maka ta. Daidaita zare yadda za ta yi iyo kamar kamu ɗaya sama da ƙasan gurbin, in ta kai ƙasa za ta shige cikin itace ta ɓuya.

Kifin roba da cokali suna aiki a nan?

Suna yi, in ruwa ya washe. A jan ruwa koto mai rai ya fi su nesa ba kusa ba. Ba sai an nemi na waje ba: tsohon cokalin shayi, a yanke mariƙin, a huda kai da gindi, a sa ƙugiya a gefe ɗaya, a ɗaya gefen a sa ɗan maburgin ƙarfen nan da ke hana zare murɗewa. Tsage na haukar sa in ana ja da sauri. Giwan ruwa ya fi son ja a hankali kusa da ƙasa, ana ɗan dakatawa, kuma galibi a dakatawar yake kawo cafka.

Yaya zan san ya ci, kuma yaushe zan fizga?

Alamar farko daga kotonka take zuwa. Za ka ga guntun silifar ya soma rawa da sauri, 'yar karfasa ce ta hango abin da ke tafe. Sai ya nutse gaba ɗaya, zare ya miƙe ya kama tafiya. Kada ka fizga nan take, don kifin yana bukatar ɗan lokaci ya juya koton a baki. Ƙirga uku zuwa biyar, ka bar zare ya ɗaure, sannan ka ɗaga sanda da ƙarfi sau ɗaya.

Daga nan abu biyu zai yi. Zai nufi itace ko kacala mafi kusa, kai kuma aikinka ka karkatar da kansa ta hanyar kwantar da sanda gefe. Ko kuma ya yi sama ya buɗe baki yana girgiza kai, a nan ƙugiya ke fita in zare ya yi sako-sako. In ya gaji ya kwanta a gefe, jawo shi kan yashi mai gangare. Kada ka ɗaga shi sama da zare, kuma kada ka cusa yatsu a marfin kunnensa, gefen yana da kaifi da ƙaya. Kama leɓen ƙasa da tsumma, haƙoransa ƙanana ne masu kaushi, ba sa yanka. Mai zaren hannu kada ya kuskura ya naɗe shi a yatsa ko wuyan hannu.

Zarena na yawan dawowa a yanke, ba ƙugiya. Mene ne?

Dubi bakin zaren. In ya nannaɗe, ƙullinka ne ya kwance. In ya yi kaushi ya sassaɓe, ya goga a itace ko dutse ko marfin kunnen giwan ruwa. In kuwa an yanke shi tsaf kamar da reza, tsage ne, ko talibambam mai haƙoran nan huɗu. Maganin tsage waya ce kamar taƙi ɗaya tsakanin ƙugiya da zare. A warware tsohuwar wayar birkin keke, sili biyu ko uku sun isa. Sai dai waya na rage wa koto walwala, don haka in ba tsage a wurin, a yi amfani da guntun zare mai kauri kawai.

In wani kifin ya ci fa, akwai wanda ake tsoron taɓawa?

Ƙurungu shi ne na farko. Ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya biyu a gefe, yana kafe su ya kulle, kuma suna da zarto. Sukarsa na raɗaɗi da kumburi. Riƙe shi ta ciki, ƙayar gefe ɗaya tsakanin manuni da na tsakiya, babban yatsa a bayan ɗayar. Tarwaɗa da ragon ruwa ma suna da ƙayar gefe. Minjirya, mai taushin jiki da ɗige-ɗige, wutar babbarta na haura bolt 300, ta isa ta kayar da mutum a ruwa. Yanke zare ya fi sauƙi. Gaiwa kuma tana cizo.

Wanda ƙaya ta soke, ya wanke da sabulu, ya tsoma wurin a ruwa mai zafi daidai juriya. Ƙugiya in ta shige har 'yar ƙayar nan da ke bayan tsininta ta nutse a nama, kada a fizge ta baya, a je asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus.

Rafin garinmu ne, sai na nemi izini?

A yawancin garuruwan bakin kogi, ruwa na da mai kula da shi: sarkin ruwa, ƙarƙashin dagaci ko bulama. Akwai gurabun da ake tsarewa bayan janyewar ruwa, ba mai taɓawa sai ranar da aka sa za a yi su, gari duka a faɗa da homa da gora. Jefa ƙugiya a irin wannan gurbi kafin ranar laifi ne, ko da kifi ɗaya ka ɗauka. Yaro ɗan gari da 'yar fatsarsa ba a cika kula shi ba. Baƙo, ko ɗan gari da ya zo da sanda mai inji da abokai daga birni, ya fara zuwa gaisuwa.

Ba wani dogon abu ba ne. Ka same shi a ƙofar gida, ka cire takalmi, ka durƙusa. "Ranka ya daɗe, Sarki, fatsa na zo yi a rafin gabas, na ce sai na fara sanar da kai." Sau tari amsar ita ce, "Madalla, ɗana. Ka tsaya daga gada zuwa bakin kogi, gurbin tsamiya a tsare yake." Ka ga ka samu izini, ka kuma samu labarin inda kifi yake ba tare da ka tambaya ba. Goro ko kifi ɗaya a dawowa ba ya ɓaci.

Sauran ladabin sananne ne. Ba a ɗaga mamarin wani ko gurarsa, ko da leƙawa ce. Ba a ratsa shinkafa ko lambun mai noman rani. Kuma kada a bar tsinkakken zare da ƙugiya a mashaya, suna naɗe ƙafar saniya, su jawo rigimar da ta fi ƙarfin kifi.

In na kama ɗan ƙarami, in sake shi?

Ni dai ina ganin a sake shi. Giwan ruwa ba ya hayayyafa da wuri, kuma mace sai ta fi namiji girma sosai kafin ta soma ƙwai. A tafkin Biktoriya, inda aka zuba irinsa a shekarun 1950 har ya zama babbar sana'a, ƙa'ida ta hana kama wanda bai kai santimita 50 ba. Kamu ɗaya na babban mutum ya kusa haka, ma'auni ne mai sauƙi a bakin rafi. A Najeriya dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, duk don a bar ƙanana su girma. Masu jan gidan sauro a fadama da kaka su suka fi kowa ɓarna.

Na san mai cewa in na saka wani zai kama, kuma cefane na jira a gida. Ba a musa masa ba. Amma karfasa da tarwaɗa suna nan, suna saurin haihuwa, su suka dace da tukunya. In za ka saka, jiƙa hannu, cire ƙugiya da sauri, ka riƙe shi a ruwa kansa na fuskantar gudu har ya fizge da kansa. In ya haɗiye ƙugiyar yana zubar da jini, tafi da shi gida.

Masu zuba Gamalin fa?

Waccan dokar ta 1992 ta haramta kamun kifi da guba da abin fashewa da wutar lantarki. Gamalin maganin ƙwari ne, sinadarin da ke cikinsa an sa shi a jerin waɗanda duniya ta amince a daina amfani da su tun 2009, saboda ba ya saurin ruɓewa, yana taruwa a kitsen dabba da na mutum. Zubawa ɗaya na kashe babba da ƙarami da ƙwai da ƙwarin da kifi ke ci, kuma ruwan nan shi shanu ke sha, shi ake wanka da shi a gaba. Magimfa ta gargajiya ba ta daɗewa a ruwa kamarsa, amma ita ma ba ta zaɓe. In ka iske kifi iri-iri sun taso ciki sama a lokaci ɗaya, kada ka ɗiba, ka kai magana wajen sarkin ruwa ko dagaci.

Dattawa na cewa da kifi ya fi haka yawa. Me ya faru?

Ruwan ne ya sauya hali. Kogin Haɗejia haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa, kuma an datse duka biyun: Tiga a 1974, Challawa a Ƙaraye a 1992. Kafin nan kogi kan yi babbar cika da damina ya mamaye fadama, da rani ya kusa ƙafewa. Yanzu cikar ta ragu a yawancin shekaru, ana kuma sakin ruwa har da rani. Raguwar cika na nufin raguwar wurin ƙwai. Ruwa mara zurfi da ba ya yankewa kuwa shi kacala ke so, shi ya sa ta toshe hanyoyin ruwa da yawa daga Haɗejia zuwa Guri da Nguru. Inda ta cushe ruwa ba ya gudu, iska ta yi ƙaranci, giwan ruwa ya bar wa tarwaɗa wurin. A ƙara da yawan masu kamu da ƙanƙantar idon raga. Dam ɗin sun kawo noman rani a Kadawa da Kura, sun kuma zama gidan kifi su kansu, amma rafukan ƙasa sun biya kuɗin.

Wane haɗari ne ya fi kamata in kiyaye?

Kowa kada da maciji yake tambaya, alhali abin da ya fi kama masu fatsa tsargiya ce. Ƙwayar cutar na fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar ruwa mara gudu, ta huda fata ta shiga, ba sai an sha ruwan ba. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, in ya daɗe yana lalata mafitsara. Maganinta praziquantel, ana samu a asibiti. Yi fatsarka daga gaɓa ko ka sa takalmin roba dogo, kuma kada a yi fitsari ko bahaya a ruwa, ta nan cutar ke komawa.

Sai nutsewa. Masu ɗiban yashi na barin ramuka a inda bara ruwa iya gwiwa ne. Rafi na iya cika cikin ƙanƙanin lokaci saboda ruwan da aka yi a wani gari can sama, ko sakin ruwa daga dam, kai kuma ko ɗigo ba a yi a kanka ba. In ka ga ruwa ya soma ja yana kawo kara da kumfa, hau tudu. Gaɓar kwana, wadda aka ce a jefa a gindinta, ita ce mai zaftarewa, kada ka tsaya a leɓenta. Hadari in ya taso da walƙiya, kwantar da sanda ka tafi. Kuma ka faɗa wa wani a gida rafin da ka nufa.

Akwai ruwan da bai kamata a ci kifinsa ba?

A yi hattara da ruwan da ke ɗauke da dattin masana'antun Kano. Rafin Jakara na kwashe ƙazantar birni da ta Bompai ya kai dam ɗin Wasai a Minjibir, kogin Challawa kuma na karɓar ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa. Gubar ƙarfe ba ta fita da wanki ko suya, kuma wasu nau'o'inta sun fi taruwa a jikin babban kifi mai cin kifi. Mai ciki da ƙananan yara su suka fi cancantar a kiyaye musu.

Yaya zan kai shi gida bai lalace ba?

Kifi ba ya bukatar yanka, amma kada a bar shi yana birgima a rana. Buga masa sanda a ka sau ɗaya, ka farke ciki, ka cire hanji da jan naman nan na ƙarƙashin kunne, daga nan ruɓa ke farawa. Naɗe shi a jiƙaƙƙen buhun algarara ka rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Baƙar leda dafa shi take yi. In tafiya da nisa, tsaga shi ka barbaɗa gishiri.

Naman giwan ruwa fari ne, mai tsoka, ba ƙananan ƙayoyi, ya dace da farfesu da suya. Wanda ba za a ci ran nan ba a yi banda da wuta marar harshe, ana juyawa har ya bushe ciki da waje, a riƙa maimaita masa hayaƙi duk bayan 'yan kwanaki don ƙwari. Kada a fesa masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, gishiri da hayaƙi sun isa.